Hutun Minti Uku na Marlys

Na yi shekara talatin da huɗu ina akawu a ofishin rajistar filaye na gundumarmu, kuma a tsawon wannan zamani ban taɓa riƙe a kaina abin da takarda za ta iya riƙe mini ba. Wannan ba aibu ba ne ga akawu, shi ne ainihin aikin. Idan mutum ya zo neman iyakar filin kakansa, ba wanda yake so ka tuna. So ake ka san durowar da za ka ja. Ranar da na yi ritaya aka yanka mini kek, aka ba ni agogon bango, aka karɓe makullan durowoyin cikin ladabi. Na dawo gida da kai fayau, ban tsaya na tambayi kaina inda zan riƙa ajiye abubuwa daga ranar ba.

Matata Marlys ba haka aka yi ta ba. Shekara ashirin da tara ta yi tana kai abinci a wani ɗan gidan cin abinci kusa da tashar jiragen ruwa masu dakon tama a nan garin Duluth da ke bakin tafki, mai doguwar kantar cin abinci da kujeru tara, kuma ko sau ɗaya ba a ga takarda a hannunta ba. Ma'aikatan jirgi tara za su zauna da sassafe, kowa ya faɗi abin da yake so, wannan ƙwai ruwa-ruwa, wancan burodi ba bota, ta juya ta zayyana wa mai dafawa duka ba tare da ta haɗa na wani da na wani ba. Ina zaune a kujera ta bakwai na fara ganinta. Na nemi ƙwai biyu da kofi. Bayan sati uku na koma, kafin in buɗe baki ta ajiye mini su. Na ɗauka soyayya ce. Daga baya ta gaya mini haka take yi wa kowa, amma a lokacin an riga an ɗaura aure.

Saboda haka da ta fara mantuwa a kakar bara, abin ya girgiza ta fiye da yadda zai girgiza irina. Ta bar tukunyar miya a kan wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Ta manta ranar ganin likitan haƙoranta. Ta je kanti takanas domin maganin hawan jininta, ta dawo da komai ban da shi. Mahaifiyarta, Inga, da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta fara, ta ƙare a gidan kula da tsofaffi na kan tudu, inda ta yi shekara uku tana tambayar Marlys ko ita ce sabuwar ma'aikaciya.

Wata Asabar da safe ina neman makullin mota a jakarta na ci karo da takarda ninki uku. Akawu ba ya ganin fom ya ƙyale shi a ninke. Na neman gurbi ne a wannan gida na kan tudu, an cike shi da kyakkyawan rubutunta tun daga suna har lambar wayar 'yarmu. Layi biyu kawai suka rage a ƙasa: sa hannu da kwanan wata.

"Marlys, wannan fa?"

"Wa ya aike ka cikin jakata, Akawu?" Haka take kirana idan tana son ta tuna mini matsayina.

"Ke kika ce makullin na ciki."

"Makulli na ce ka ɗauko, ban ce ka buɗe bincike ba." Ta karɓe takardar ta mayar. "Jerin masu jira ya kai shekara biyu. Gara in shiga layi ina sane da sunana."

"Ai ina nan."

"Kana nan. Baba ma yana nan, har ya riga Mama faɗuwa don wahala. Kai da ba ka san inda gishiri yake a gidan nan ba, kai za ka yi jinyata?"

Na so in musa maganar gishirin, amma ba ni da hujja a hannu.

Ta riga ta tsara abin da za ta yi. A allon sanarwa na cocinmu ta ga takarda daga jami'a: ana neman mutanen da suka haura sittin da biyar domin wani bincike a kan ƙwaƙwalwa da riƙon abu a ka. Ta rubuta sunayenmu duka biyun, ni don in yi tuƙi. Ta ce idan na'urar gwajinsu ta nuna abin da take tsoro, za ta cike layukan nan biyu.

Mai binciken, Dakta Prewitt, mace ce da ta ba hamsin baya, mai furfura a gaban kai da takalman dusar ƙanƙara da ba ta damu ta cire ba. Tun kafin mu zauna ta ce, "Misis Haugen, bari in faɗa tun yanzu. Hular wayoyin nan da za mu sa miki ba ta gane ciwo. Ni ba likitar asibiti ba ce, bincike nake yi. In kina da damuwa, likitarki za ki gani."

"Na ji, 'yar nan," in ji Marlys, da muryar da take amsa wa mai cewa ya daina cin gishiri alhali yana miƙa hannu ga naman alade.

Dakta ta yi mana bayani a taƙaice. Ta ce ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyar dindindin, tana kuma da wani ɗan wuri inda take riƙe abin da take aiki da shi yanzu-yanzu, kamar lambar waya tsakanin jinta da bugawa. Na ce wato durowa da kuma kan tebur. Ta ce haka ne, kuma teburin ƙarami ne, yawancin mutane abu huɗu ko makamancin haka yake ɗauka kafin wani ya zame ƙasa. Hular kuwa tana sauraron kaɗawar lantarkin da ƙwaƙwalwa ke yi. Akwai wata kaɗawa mai tafiyar hawainiya da suke kira tita, wadda aka fi ji a saman tsakiyar goshi, kuma yawanci idan kayan kan tebur suka ƙaru, ita ma sai ta ƙara ƙarfi. Wannan take aunawa a tsofaffi.

Ni aka fara sa wa. Hula ce ta roba mai ramuka, kowane rami da wayarsa, ana tsiyaya wani mai sanyi kamar kunu a ciki da sirinji marar allura. Marlys ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Dakta, ki ƙara masa a tsakiya. Wurin ya daɗe babu mai haya."

"Gashin kike nufi ko abin da ke ƙasansa?" in ji Dakta.

"Ke dai auna ki gani."

Aka rufe ni a wani ɗan ɗaki da kwamfuta. Da farko minti uku na hutu: ka dubi wata 'yar alama a tsakiyar allo, kada ka motsa, kada ka yi tunanin komai. Wannan ban sha wahalarsa ba, na yi shekaru ina yinsa a tarurrukan ma'aikata. Daga nan lambobi suka fara fitowa. Za a nuna maka biyu, su ɓace, ka jira daƙiƙa uku, a nuna ɗaya a tambaye ka ko tana cikinsu. Sai huɗu, sai shida, sai takwas. A biyu na yi zaman mai gida. A huɗu na fara zufa ƙarƙashin kunun. A shida hannuna na dama ya fara lalubar aljihun rigata inda alƙalami ya zauna shekara talatin da huɗu, har Dakta ta yi magana ta lasifika cewa in bar hannuna wuri ɗaya, motsin yana ɓata mata layuka. A takwas na riƙa danna maɓalli bisa ƙa'idar adalci, sau ɗaya e, sau ɗaya a'a.

Marlys ta shiga bayana, ta fito bayan awa guda da gashi a manne. A mota na tambaye ta yadda ta ji.

"Lambobin ba komai," ta ce. "Zaman banzan nan na farko ne ya fi gajiyar da ni."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ina neman tikitin wurin ajiye mota ne, na tambaye ta inda na sa shi, ta ce aljihun hagu na ciki, can kuwa yake.

Kwana goma bayan haka wayar gida ta yi ƙara muna karin kumallo. Marlys ta ɗauka. Na ga ta miƙe tsaye sosai, irin tsayuwar da take yi a jana'iza.

"Dakta ce. Ta ce ko za mu iya komawa. Wai nawa ya fita daban da na sauran, tana so ta yi mini tambayoyi."

"Daban ba ya nufin..."

"Orrin, ci abincinka."

Idan ta kira ni da sunana na yanka, magana ta ƙare. Ranar da za mu koma na ga ta ɗauki alƙalami mai kyau, wanda 'yarmu ta ba ta, ta sa a jaka kusa da takardar. Tafkin ya fara daskarewa daga baki, jirgin tama na ƙarshe yana fita ta ƙarƙashin gada, muka yi tafiyar minti ashirin zuwa jami'ar.

Dakta Prewitt ta ajiye mana takardu biyu a tebur, kowacce da zanen layi. Ta fara da nawa, ina jin don ta sassauta zaman.

"Mista Haugen, kai ɗalibin littafi ne. Ga hutunka, ƙasa ƙwarai. Ga lamba biyu, ya ɗan tashi. Ga huɗu, ya tashi sosai. A shida ya tsaya, a takwas ya faɗo."

"Me faɗowar ke nufi?"

"Sau da yawa tana nufin kayan sun fi ƙarfin teburin, mutum ya saki."

"Ƙarfe huɗu ta buga, ya tashi daga aiki," in ji Marlys, amma ba ta yi dariya ba. Idonta na kan ɗaya takardar. Layinta bai hau ko'ina ba. Daga biyu har takwas a kwance yake, har ma ya ɗan nutsa ƙasa da inda ya fara.

"Nawa tun daga biyu na saki ke nan," ta ce a hankali. Hannunta ya tafi kan zik ɗin jaka.

"Abin da na fara zato ke nan," in ji Dakta, "sai na duba amsoshinki. Misis Haugen, a lamba takwas sau biyu kawai kika kuskure cikin arba'in. A cikin mutum sittin da na gwada babu wanda ya kusa. Wanda ya saki ba ya cin haka. Shi ya sa na kira ki. Yaya kike yi?"

Marlys ta dube ta kamar an tambaye ta yadda ake shan ruwa.

"Ai zaunar da su nake yi."

"Su wa?"

"Lambobin. A wurin aikina abincin safe lamba gare shi, ɗaya zuwa tara. Uku ƙwai da dankali, biyar fanke, takwas naman sa da albasa. In kin nuna mini lamba shida, mutum shida ne suka shigo suka zauna a kanta. Na ga Toivo, mai zuwa kullum, da fankensa, na ga dogon nan mai tari da naman sa. In kin tambaye ni ko akwai huɗu, sai in duba kanta in ga ko wani na shan kunun hatsin oat. Wannan ai ba riƙo ba ne, 'yar nan, kallo ne."

Dakta ta rubuta wani abu da sauri, fuskarta kamar ta wanda ya tsinci abin da bai san ya yar ba. Sa'an nan ta ce wannan zai iya bayyana dalilin da layin bai hau ba, tunda aikin bai yi mata nauyi ba. Amma saura abu ɗaya. Ta ce su a aikinsu komai da hutu suke kwatanta shi, hutun nan na minti uku shi ne ƙasan ma'auni. Na Marlys kuwa ƙasan ne a sama. Titarta ta fi ƙarfi a lokacin da aka ce kada ta yi komai fiye da lokacin da take riƙe lamba takwas.

"Na ɗauka waya ce ta saki, na duba, lafiyarta lau. To da na ce ki huta, me kike yi?"

"Hutawa."

"A cikin kanki fa?"

Marlys ta ɗaga kafaɗa.

"Abubuwan yau da kullum. In na samu shiru sai in bi su kada su zube. Ranar nan dai... ƙwayarsa ta rana ƙarfe ɗaya, kuma ba a sha da ruwan 'ya'yan itacen nan mai ɗaci. Tikitin mota yana aljihunsa na hagu. Ya ce in tuna masa ya kira mai gyaran injin ɗumama gida. Ranar haihuwar ƙanensa Alhamis, kati na cikin durowa, ba tambari. Tabaransa na karatu ya bar su a kan firji. Littafin laburare da ya ara ranar Juma'a zai cika. Lambar sirrin katinsa, don ya sake mantawa. Tayar baya ta dama ya ce in tuna masa tana sanyi. Sunan sabon fasto, don kada ya sake kiransa da na tsohon. Sai miyar da zan kai wa maƙwabciyarmu Misis Aho. Sai... akwai wani abu nawa, na manta."

Ba a taɓa karanta mini tuhuma a gaban hukuma ba, amma ina jin haka take sauka. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, tunda yau babu hula a kaina ba mai hana ni motsi. Goma ta ambata, tara nawa ne. Na goma sha ɗayan, wanda yake nata, shi ne ya zame ƙasa.

Sai na koma baya, kamar yadda ake bin fayil daga takardar ƙarshe zuwa ta farko. Tukunyar da ta ƙone, ina kiranta ne daga gareji ta zo ta nuna mini inda na ajiye shebur. Ranar likitan haƙoranta ta faɗo daidai da ranar da ta kai ni gwajin ido. A kanti kuwa ta dawo da man askina da batirin rediyona da biskit ɗin da nake so. A cikin shekara shida ban taɓa rasa ƙwaya ɗaya ba, ban taɓa makara ko'ina ba, har ina yi wa abokaina alfahari cewa ritaya ta gyara mini ƙwaƙwalwa.

"Me ya sa waɗannan ba ki zaunar da su a kantar taki ba?" Dakta ta tambaya.

"Masu cin abinci suna ci su tashi, a goge wurin. Wannan," ta nuna ni da haɓa, "ba ya tashi."

Dakta Prewitt mace ce mai gaskiya, ba ta yarda ta sayar mana da abin da ba ta da shi ba. Ta ce daga mutum ɗaya da zama ɗaya ba za ta rantse cewa jerin nan ne ya ɗaga layin ba, ko da yake shi ta fi zato. Ta sake cewa hularta ba ta wanke kowa daga ciwo, ba ta kuma ɗora wa kowa, kuma lallai Marlys ta je likitarta a yi mata gwajin da ya dace. Abin da za ta iya faɗa shi ne, macen da ta riƙe lamba takwas haka teburinta ba ƙarami ba ne, kuma kowane tebur in aka cika shi wani abu zai faɗi.

Na gyara zama na ce, "Dakta, ko zan sami takarda?"

Ta fara dube-dube, amma Marlys ta riga ta buɗe jaka. Ta fito da fom ɗin nan ninki uku, ta dube shi na ɗan lokaci, ta kife shi a gabana, bayansa fari fes. Ta ɗora alƙalamin 'yarmu a kai.

"Marlys, kin san a ofishinmu takardar da aka yi rubutu a bayanta ba ma karɓarta. Ta lalace ke nan."

"Na sani, Akawu. Shekara arba'in da ɗaya ina jin dokokin ofishinku. Rubuta."

Na ja layi, na sa lamba ɗaya. Ta riƙa faɗa ina rubutawa, da kwanan wata a gefen kowanne, har muka cika shafin muka gangara gefe, domin ashe goman nan na ranar gwaji ne kawai, akwai na sati, akwai na wata. Da muka kai ƙarshe ta yi ajiyar zuciya, ta rufe ido, sai ta buɗe su da sauri.

"Maganin hawan jinina! Shi ne na sha ɗayan."

Na rubuta shi a sama da lamba ɗaya, na ja masa layi biyu.

Ta ga likitarta a watan Janairu. An yi mata tambayoyi, an sa ta zana agogo, an ce ba a ga abin damuwa ba a yanzu, ta dawo bayan shekara. Ba wanda ya yi mana alkawarin abin da shekarar za ta kawo, mu ma ba mu nema ba. Ni dai na sayi akwatin katuna da 'yan rabe-rabe masu launi, na kafa shi a kan firji inda tabarau suka saba ɓata, kuma kowace safiya bayan kofi ina buɗe ofis. Na san inda gishiri yake. Yana da kati.

Ba zan ce na warke sarai ba. Jiya da hantsi na same ta a kujerar taga, hannuwanta a cinya, tana kallon ƙanƙarar tafki tana tsagewa. Na buɗe baki na ce, "Marlys, ina..."

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga yatsu uku.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon agogon ritayata har mintuna ukun hutunta suka cika. Kafin su cika na ga makullin da nake nema, yana hannuna.